Ta'aziyyar da Muka Kai Maraɗi ta Hanyar Makka

Asubar fari muka tashi daga Jibiya, ladanin unguwarmu bai ma sauke kiran assalatu ba. Mu uku ne: ni, da Mama, da ƙanena da ya zame mana muharrami. Ku da kuke ta aiko mini saƙo kuna cewa tela ta je Umara ta dawo ta yi shiru, to ga labarin. Sai dai ku yi haƙuri, ya fi karkata ga wasu tsofaffi biyu fiye da ni.

Mama tana da ƙanwa guda ɗaya da ta rage mata a duniya, uwa ɗaya uba ɗaya, tana aure a Maraɗi tun kafin a haife ni. Mu Innar Maraɗi muke ce mata, Mama kuwa Auta take kiranta. A da, in Mama ta karya kumallo a gida, a ɗakin Inna take sallar azahar. Sai sojoji suka karɓi mulki a Nijar, gwamnatinmu da na maƙwabta suka ce sun sa musu takunkumi. Aka rufe iyaka, aka yanke wutar da ake ba su, aka tsayar da kaya. Ni mayyar rediyo ce, kekena ba ya ɗinki sai da labaran duniya, saboda haka kalmar takunkumi ba baƙuwata ba ce. Amma kullum a kan wasu ƙasashe masu nisa nake jin ta, ban taɓa kawo wa raina za ta zo ta tsaya tsakanin uwata da ƙanwarta ba.

Mijin Inna mai ciwon sukari ne, allurarsa daga wajenmu ake saye a ba direba ya kai. Ban ce takunkumi ne ya kashe shi ba, kwanansa ne ya ƙare. Abin da na sani shi ne allurar ta yi wuya, wadda aka samu kuma ta lalace a firjin da babu wuta. Ya rasu damina ba ta ɗauke ba. Ƙanena ya bi ta daji a kan babur ya je ya yi gaisuwa kamar yadda samari ke yi, amma Mama da gwiwarta ba ta hawa babur, dajin kuma yanzu ba wurin bin tsohuwa ba ne. Ta yi gaisuwa ta waya, ta kashe, ta ce wannan ba gaisuwa ba ce.

A gidanmu akwai al'ada. Ranar da mace ta fita takaba, babbar yayarta ce ke tsefe mata kai, ta yi mata kitso, ta ba ta sabon kaya ta sa. Ni na ɗinka kayan da hannuna, atamfa ruwan ƙasa mai ɗan fure, da awon Inna da nake da shi a ka. Ranar fita ta zo ta wuce, kayan suna cikin akwatin Mama. Inna ta fita takabarta a kan lokaci yadda addini ya ce, amma muka ji labari ta ƙi yarda kowa ya taɓa mata kai, wai sai Yaya. Da 'ya'yanta suka haɗu suka biya mata Umara don ta ɗan sami sanyin zuciya, Mama na jin haka ta sa aka kai saniyarta kasuwa. Ta ce tunda an hana ta zuwa Maraɗi ta Magama, za ta je ta Makka.

Magama ita ce mararrabar da hanyar Nijar ta rabu da ta Katsina. Mun wuce ta gari na wayewa. Manyan motoci jere a gefen titi, direbobi sun shanya wanki a jikin tayoyi, warin ruɓaɓɓiyar albasa har cikin motarmu. Mama ta juya kanta wajen arewa ta daɗe tana kallo. Daga nan zuwa Katsina shingen jami'ai ne a kan shinge, har direbanmu ya ce shi ƙafarsa ta fi sanin birki fiye da totur. Ni dai abin da ke ba ni haushi kullum a wannan hanya shi ne, an iya tare buhun gero da kwalin magani, amma bindigogin da ke hana ƙauyukanmu barci babu wadda aka ƙera a Jibiya, kuma ga su nan sun shigo.

A Kano aka fara gwada mana haƙuri. Aka ɗaga tashin jirginmu, aka sake ɗagawa, muka koma gidan wata 'yar uwa muna jira. Matsalar ita ce su Inna sun riga mu isa Makka, kuma tawagarsu tana da ranar wucewa Madina. Duk kwanan da muka ƙara a Kano, daga cikin kwanakin haɗuwarsu ake cire shi. Ni na yi ta masifa a waya da mai kamfanin da ya yi mana biza har muryata ta dushe. Mama kuwa carbinta kawai take ja, abinci ma sai na tsaya a kanta.

Da muka samu muka tashi, ƙanena ne ya ba mu dariya. Tun a filin jirgi ya ɗaura harami, mutumin da ko zanin wanka bai iya ɗaurawa ba. Duk tafiyar hannunsa ɗaya na riƙe da ƙugu. Na ce masa da ya yi magana tun a gida da na sa masa zariya, ya harare ni ya ce yana cikin ibada kar in ja shi da faɗa.

Daga Jidda zuwa Makka hanya ce shimfiɗaɗɗiya, ba rami ba shinge, duwatsu baƙaƙe hagu da dama, babu ko ciyawar da akuya za ta tsinka. Masaukinmu yana Misfala, inda in kika rufe ido kika saurari hayaniyar titi za ki rantse a kasuwar Katsina kike. Muka ajiye kaya muka nufi Harami. Mun hayar wa Mama keken guragu, ƙanena na turawa. Ba zan iya kwatanta muku ganin Ka'aba ba, kuma ba zan gwada ba. Na dai san duk addu'o'in da na jero tun daga gida sun gudu daga kaina, na tsaya ina hawaye ina cewa Allah na gode. Muka yi ɗawafi, muka yi Safa da Marwa, na yanke wa Mama ɗan gashi, ita ma ta yanke mini.

Kafin in manta, masu tambayar tsada: komai yana da sauƙi in dai ba ki juya shi zuwa naira ba. Ni da na juya kuɗin kofin shayi sau ɗaya, sai da shayin ya fita raina. Gurasarsu mai faɗi da ake ce wa tamis da dafaffen wake ita ce karin kumallon mai ƙaramin ƙarfi, shinkafar buhari da rabin kaza kuwa ta ishe mu mu uku. Idona na tela bai huta ba. Kowace tawaga da ankonta, na Indunusiya ɗinki tsaf kamar an goge da ruwa, namu kuwa wasu an yi musu hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

A ranar da muka sauka muka sami labarin cewa washegari bayan la'asar su Inna za su wuce Madina, daga can kuma gida. Yini ɗaya ke nan ya rage mana, shi ma ba cikakke ba. Wayar Inna ba ta da layin ƙasar, sai ta shiga masauki take samun saƙo. Na aika mata da murya na ce gobe da hantsi ga mu nan zuwa Jarwal inda suka sauka. Can sai ga amsarta: "Ki ce ma Yaya kar ta wahal da ƙahwarta. Ni ce ƙarama, ni zan taho in gaishe ta."

Mama ta ce, "Tunda nake ban taɓa ganin wadda aka yi wa rasuwa tana bin mutane gida tana karɓar gaisuwa ba. Ki gaya mata ta zauna, ni zan je."

Na gaya mata. Ban lura saƙon bai shiga ba.

Da hantsi muka ɗauki tasi zuwa Jarwal, Mama rungume da ƙullin kayan a cinyarta. Jarwal tsohuwar unguwa ce kusa da Harami, dogayen otal a gaba, a bayansu tsofaffin gidaje masu tagogin katako da lunguna masu hawa. Muka sami masaukin, falon ƙasa cike da akwatuna da jarkokin zamzam, don tun da safe aka sa su fito da kaya suka ba da makullai. Muka tambayi Inna. Wata 'yar tawagarsu ta ce ai tun bayan sallar asuba ta matsa wa wani ya raka ta Misfala, wai za ta gaida yayarta.

Wato a daidai lokacin da muke zaune a falon masaukinta, ita tana zaune a falon namu. Kowace ta bi ladabin da aka koya mata a ɗaki ɗaya, ladabin ya raba su. Na rasa dariya zan yi ko kuka. Ƙanena ya samu ya kira wanda ya raka ta, aka haɗa su a waya. Mama ta ce ta dawo ɗakinta. Inna ta ce ai ba ta da sauran ɗaki, an karɓe makulli, Yaya ta dawo kawai ta same ta. Mama ta ce ba za ta yi gaisuwar mijin ƙanwarta a masaukin kanta ba, kuma ba za ta buɗe kan Auta a falo gaban maza ba. Azahar na matsowa, hanyoyin kusa da Harami kuma in lokacin salla ya yi rufe su ake yi. Raina ya ɓaci sosai, na fita waje don kar in faɗi abin da zan yi nadama.

A bakin ƙofa na tarar da wata dattijuwa zaune a kan dakali tana ba tattabaru gero. Ta ji ina ƙunƙuni da Hausa, ta amsa mini da Hausa. Ashe daga Sudan take, cikin Hausawan da kakanninsu suka taso aikin Hajji a ƙafa suka yada zango a can. Yaƙi ne ya koro ta, tana zaune wajen ɗanta. Na ba ta labarinmu a taƙaice, ta jinjina kai. Ta rage murya, don a garin nan ba a ɗaga murya a kan irin wannan zance, ta ce, "'Yata, mu a unguwarmu ko allura ba ma ƙerawa, amma kowa da bindiga sabuwa fil. Wanda ya sayar yana can ƙasarsa lafiya lau, da yamma kuma ki ji shi a rediyo yana cewa a daina kashe bayin Allah. Ke dai tunda taku tana da rai, ku nemi ganinta." Ita tata ƙanwar ba ta san inda take ba.

Na koma ciki na kira Hajiyar Rusaifa. 'Yar baffan su Mama ce, a Makka aka haife ta, mahaifinta ya zo Hajji tun zamanin jirgin ruwa bai koma ba. Mun shirya sai mun huta za mu kai mata ziyara, amma na ga abin ya fi ƙarfina. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce in ba Mama wayar. Ina jin muryarta daga inda nake, Hausa gauraye da Larabci: "Halas, ya isa haka! Ku biyun nan kun fi hukumominku taurin kai. Dahin, yanzun nan, zan aika sayyara, motar gidan nan, ta ɗauko Auta. Yau baitina, gidana ɗungurungum, nata ne, ni baƙuwa ce a ciki. Ke kuma ki zo ki same ta a ɗakinta, ki yi gaisuwarki."

Mama ta ce, "To, haka ya yi."

Sauran aikin ɗan Hajiya ne ya yi shi, magidanci mai shagon kayan waya, wanda Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da sunayen abinci ba. Ya zo ya sami shugaban tawagar su Inna, suka yi ta Larabci da Faransanci da nuni da hannu. Aka daidaita a kan motarsu ta tafi ba ita, shi zai sa ta a jirgin ƙasa mai gudu washegari ya kai ta Madina da kansa, tunda tashar jirgin a Rusaifa take.

Rusaifa unguwa ce babba, gidaje da shaguna a cakuɗe, ga masu gyaran mota, ga masu gasa tsire irin namu sak da ƙuli-ƙulinsa. Mama ta sa aka tsayar da mota nesa da ƙofa kaɗan, ta ƙi keke, ta taka da ƙafarta tana dafa ni. Ta yi sallama a ƙofar gida, ta sake yi a ƙofar ɗaki. Hajiya ta kwashe kujerun ɗakin ta shimfiɗa darduma. Inna na zaune a ƙasa ta jingina da bango, hijabi har goshi. Da ban san ita ce ba da sai na tambaya, don ta rame ƙwarai.

Ta yunƙura za ta tashi, Mama ta ɗaga mata hannu. Tsohuwar da rabonta da zama a ƙasa tun bara ta dafa bango ta sauka a hankali har ta zauna gabanta.

"Auta, ashe Malam lokaci ya yi."

"Lokaci ya yi, Yaya."

"Ya haƙuri?"

"Da godiya."

"Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Mutumin kirki ne, bai taɓa bari na dawo daga gidanku hannu sake ba. Ban ƙi zuwa ba, Auta."

"Na sani, Yaya. Kullum in na ji mota ta tsaya sai in ce ke ce."

Suka riƙe hannun juna suna kuka marar sauti, mu ma muka taya su. Hajiya ce ta katse mu, ta ce yalla a ci abinci, kuka ba ya hana yunwa. Tuwon shinkafa miyar kuka ta yi mana, ga kuma shinkafar Larabawa da nama a faranti guda.

Bayan la'asar maza suka fita. Mama ta kwance ƙullinta ta fito da mataji da tsinke da ɗan gwangwanin man kaɗe da ta taho da shi tun daga gida. Inna ta cire ɗankwali. Gashin ya cukurkuɗe, furfura ta cinye shi, sai da aka jiƙa shi da mai kafin mataji ya shiga. Yatsun Mama sun yi tauri, tsagar tana karkacewa. Hajiya ta ce akwai mai kitso a maƙwabta, 'yar Zinder, hannunta kamar inji. Inna ta ce a bar Yaya ta yi. Tana kwance da kanta a cinyar Mama tana ba ta labarin jinyar, yadda suka riƙa sa allurar a cikin randa in kuran ya ɗauke, wato wutar lantarki, da yadda ya riƙa tambaya ko an buɗe hanya. Mama na kitso tana cewa Allah sarki.

Da aka gama aka kawo kayan da na ɗinka. Rigar ta yi mata yawa, kamar ta aro. A sana'ata ban taɓa jin kunyar awo irin ta ranar ba, ko da yake awon daidai yake, mai rigar ce ta ragu. Na ari allura da zare wajen Hajiya na zauna na cinye yatsa uku kowane gefe. Ta sa, ta ɗaura ɗankwali, Hajiya ta fesa mata turare, Mama ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Yanzu kin fita." Tare suka yi magariba a kan darduma ɗaya, kuma a ɗaki ɗaya suka kwana.

Washegari muka raka ta tasha. Ba su yi doguwar sallama ba. Inna ta durƙusa, Mama ta dafa kanta daidai kan kitson, ta ce Allah ya kai lafiya.

Sauran kwanakinmu ibada ce da ɗan yawo. Mun je Arfa, fili fetal ba kowa sai masu share-share da masu raƙuman ɗaukar hoto, da wuya ki yarda nan ne duniya ke taruwa ranar Hajji. Mun je Madina bayan su Inna sun tashi. Mama ta sake, tana cin abinci, har tsegumin ɗinkin mutane take taya ni.

Mun sauka Kano lafiya, muka kamo hanyar gida. A Magama motocin suna nan inda muka bar su, wankin direbobin ne kawai ya canza.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai yawa ba ne. Ni ba 'yar siyasa ba ce, ban san yadda ake horon wanda ya ƙwaci mulki da bindiga ba, kuma ban ce a tafa masa ba. Amma yanzu in na ji an ce an sa wa ƙasa takunkumi, sai in tambayi kaina wane ne zai rasa allura, wace ce za ta rasa yayarta, kuma masu sayar da bindiga su wa ya sa musu nasu. Na kuma ga cewa mutum biyu da kowa ke da gaskiyarsa suna iya zama har rana ta faɗi ba su haɗu ba, in ba a sami mai ara musu ɗaki ba.

Jiya Inna ta aiko da murya. Ta ce kitson ya tsufa, jikokinta na yi mata tsiya, amma ba za ta tsefe ba sai an buɗe hanya. Mama ta sa na maimaita mata saƙon, sannan ta tashi ta ɗauko mataji da tsinken ta sa a jakar hannunta, ta rataye jakar a ƙusar da ke bakin ƙofa.